Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ne Gwamna Janar, Kuma Mene Ne Aikinsa?

TAMBAYA

Wani ɗalibi mai son tarihi daga Gusau ya aiko da tambaya mai rassa huɗu. Ya ce ya ji a labarai cewa Kanada da Ostireliya suna da Gwamna Janar mai wakiltar Sarkin Ingila, abin kuma ya ɗaure masa kai, domin a makaranta an koya musu cewa Gwamna Janar shi ne babban Baturen mulkin mallaka, irin su Lugga. Shi ne yake so ya sani: shin har yanzu waɗannan ƙasashe suna ƙarƙashin Turawan Ingila ne? Wa ke naɗa Gwamna Janar? Tsakaninsa da Firayim Minista wa ya fi iko? Sannan me ya sa aka kira Dokta Nnamdi Azikiwe Gwamna Janar bayan Nijeriya ta riga ta sami 'yancin kai?

AMSA

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Ka taɓo abin da ke rikita manya ma, kuma ruɗanin yana da dalili, domin muƙamin ya riƙe sunansa na da alhali aikinsa ya sauya baki ɗaya. Abin da aka koya maka game da Lugga gaskiya ne, abin da ka ji a labarai shi ma gaskiya ne. Tarihin da ke tsakaninsu ne ba a cika koyarwa ba.

Ga amsar a dunƙule kafin mu warware ta. Kanada da Ostireliya ƙasashe ne masu cikakken 'yancin kansu. Gwamna Janar ɗinsu ɗan ƙasa ne, gwamnatin ƙasar ce ke zaɓo shi, kuma ba ya karɓar umarni daga gwamnatin Birtaniya. Ragamar mulki ta yau da kullum tana hannun Firayim Minista da ministocinsa, waɗanda jama'a suka zaɓa. To yanzu mu bi abin daki-daki.

Da farko sai mun fahimci irin sarautar da ake magana a kai. A duniyar yau akwai ƙasashen da sarki ke riƙe da mulki a hannunsa, shi ke naɗa ministoci, shi ke zartar da doka, kamar Saudiyya da Oman. Akwai kuma ƙasashen da sarki yake shugaban ƙasa, amma kundin tsarin mulki da al'adar siyasa sun taƙaita ikonsa, ta yadda ba ya aiwatar da komai sai da shawarar zaɓaɓɓun ministoci. Wannan na biyun shi ake nufi da sarauta mai bin tsarin mulki. Birtaniya da Sifaniya da Holand da Japan duk haka suke. A irin wannan tsari an raba muƙami gida biyu: akwai shugaban ƙasa, wanda yake tsaye a matsayin uban kowa ba tare da jam'iyya ba, akwai kuma shugaban gwamnati, wato Firayim Minista, mai tsara manufofi da kashe kuɗin baitulmali da amsa tambayoyi a majalisa. Mu a Nijeriya tun daga 1979 muka haɗe muƙaman biyu a hannun mutum ɗaya, shi ya sa rabon ke yi mana baƙon abu.

To ina wakili ya shigo? Sarki Charles na Uku, wanda ya gaji mahaifiyarsa Sarauniya Elizabeth ta Biyu a watan Satumba na 2022, sarki ne a ƙasashe 15. Ban da Birtaniya akwai Kanada, da Ostireliya, da Niyu Zilan, da Jamaika, da Bahamas, da Belize, da Grenada, da Papua New Guinea, da Tsibiran Solomon, da Tuvalu, da wasu ƙananan tsibirai huɗu na yankin Karibiyan. Mutum ɗaya ba zai zauna a birane 15 a lokaci guda ba. Saboda haka kowace daga cikin ƙasashe 14 da ke wajen Birtaniya tana da wanda ke yin ayyukan sarki a madadinsa, shi ne Gwamna Janar. Na Kanada yana zaune a fadar Rideau Hall da ke Ottawa, na Ostireliya kuma a Yarralumla da ke Canberra.

Akwai wata ƙa'ida a nan da ya kamata ka riƙe. A idon doka sarautun nan dabam-dabam suke, mutumin da ke kansu ne kawai ɗaya. Idan ana batun Kanada, Charles Sarkin Kanada ne, kuma ministocin Kanada kaɗai ke da hurumin ba shi shawara. Firayim Ministan Birtaniya ba shi da ta cewa a ciki, majalisar dokokin Landan kuma ba ta yi wa Kanada doka. Kada kuma ka haɗa waɗannan ƙasashe 15 da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, wato Kwamanwel, mai mambobi 56. Nijeriya da Ghana da Kamaru da Indiya duk suna cikin ƙungiyar, amma jamhuriyoyi ne, ba su da sarki a kan gadon mulki, ba su da Gwamna Janar.

Yanzu mu koma tarihi, domin a nan ne amsar tambayarka take. A zamanin daular Birtaniya, idan aka haɗa yankunan mallaka da yawa wuri ɗaya, akan ɗora babban gwamna a kan gwamnonin yankunan. Haka aka yi a Indiya tun ƙarni na 18, inda Warren Hastings ya fara riƙe muƙamin. Haka aka yi a Kanada a 1867 da Lord Monck, da Ostireliya a 1901 da Lord Hopetoun. Haka kuma aka yi a ƙasarmu a 1914, lokacin da aka haɗe Arewa da Kudu aka ba Lugga muƙamin Gwamna Janar, ya riƙe har 1919. Waɗanda suka biyo bayansa gwamnoni kawai ake kiransu, sai a 1954, da aka kafa tsarin tarayya, aka dawo da muƙamin a kan Sa John Macpherson.

A wancan zamani Gwamna Janar ayyuka biyu ya haɗa. Shi ne wakilin sarki, shi ne kuma idon gwamnatin Birtaniya da bakinta. Gwamnatin da ke Landan ce ke zaɓarsa, ita yake aika wa rahoto, daga wurinta yake karɓar umarni. A Nijeriya da Indiya mulkin ne a hannunsa kai tsaye. A Kanada da Ostireliya, inda Turawa 'yan kaka-gida suka riga suka sami majalisunsu, ikonsa bai kai haka ba, amma duk da haka yana iya riƙe dokar da majalisa ta amince da ita ya tura ta Landan a duba. Wannan shi ne Gwamna Janar ɗin da ka sani a littattafan makaranta.

Sauyin ya soma ne da wani rikici a Kanada a 1926. Firayim Minista Mackenzie King yana jagorantar gwamnati mai rauni a majalisa, ga kuma wata badaƙala ta taso a ma'aikatar kwastan. Da ya ga majalisa na shirin kaɗa ƙuri'ar tsawatarwa a kansa, sai ya nemi Gwamna Janar, Lord Byng, ya rushe majalisar a sake zaɓe. Byng ya ƙi, domin a ganinsa ba a daɗe da yin zaɓe ba, kuma jam'iyyar adawa ta Arthur Meighen ce ma ta fi yawan kujeru, ya dace a ba ta dama. King ya yi murabus, Meighen ya kafa gwamnati, amma cikin 'yan kwanaki majalisa ta kayar da ita. Dole aka tafi zaɓen da aka ƙi tun farko. King ya shiga yaƙin neman zaɓe yana tambayar jama'a yadda za a yi Baturen da aka aiko daga Landan ya ƙi shawarar Firayim Ministan Kanada. Ya ci zaɓen a watan Satumba.

A ƙarshen wannan shekarar shugabannin ƙasashen daular suka taru a Landan suka fitar da matsayar da ake kira Sanarwar Balfour ta 1926. Kada ka ruɗa ta da ta 1917 wadda ta shafi Falasɗinu. Mutumin ɗaya ne, takardun dabam ne. Matsayar ta ce Birtaniya da ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu daidai suke a matsayi, babu wadda ke ƙarƙashin wata. Ta kuma ce daga yanzu Gwamna Janar wakilin sarki ne kaɗai, ya daina zama wakilin gwamnatin Birtaniya. Shi ya sa a 1928 Birtaniya ta tura jakadanta na farko zuwa Ottawa, domin ta sami mai magana da yawunta. A 1931 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da Dokar Westminster, wadda ta tabbatar da 'yancin waɗannan ƙasashe na yin dokokinsu.

Saura batun wa ke zaɓar mutumin. A 1930 Firayim Ministan Ostireliya, James Scullin, ya gabatar da sunan Sa Isaac Isaacs, babban alƙalin ƙasar kuma haifaffen Ostireliya. Sarki George na Biyar bai so ba, ya fi son a aiko wani babban Bature daga Ingila kamar yadda aka saba. Scullin ya kafe, sarki ya sakko, Isaacs ya kama aiki a 1931. Tun daga nan ƙa'ida ta zauna cewa gwamnatin ƙasar ce ke ba da suna, sarki ya sa hannu. Kanada ta naɗa ɗan ƙasarta na farko, Vincent Massey, a 1952. Yau abin ya wuce nan. A 2021 Kanada ta naɗa Mary Simon, 'yar ƙabilar Inuit, ita ce ta farko daga cikin 'yan asalin ƙasar da ta hau kujerar. A 2021 ɗin kuma Niyu Zilan ta naɗa Cindy Kiro, mace ta farko daga ƙabilar Maori. A Papua New Guinea da Tsibiran Solomon ma majalisar dokoki ce ke kaɗa ƙuri'a ta zaɓi wanda za a miƙa wa sarki sunansa. Wa'adin yakan kasance kimanin shekara biyar, albashi da kuɗin gudanar da ofis kuma daga baitulmalin ƙasar suke fitowa. Babu wani haraji da waɗannan ƙasashe ke biyan Sarkin Ingila.

To mene ne aikin nasa a yau? Kashi na farko shi ne aikin tsarin mulki. Bayan zaɓe shi ke kiran shugaban da ke da rinjaye a majalisa ya ce ya kafa gwamnati, shi ke rantsar da Firayim Minista da ministoci. Shi ke kiran zaman majalisa, shi ke rushe ta idan lokacin zaɓe ya yi. Ƙudurin da majalisa ta amince da shi ba ya zama doka sai ya rattaba hannu. Da sunansa ake naɗa manyan alƙalai, kuma a ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya shi ake kira babban kwamandan askarawa. Kashi na biyu aikin fada ne: karɓar shugabannin ƙasashen waje, karɓar takardun kama aiki na jakadu, karanta jawabin buɗe majalisa, ba da lambobin yabo. Kashi na uku shiga jama'a ne: ziyarar makarantu da asibitoci, jajanta wa waɗanda gobara ko ambaliya ta shafa, da ƙarfafa ƙungiyoyin taimakon al'umma.

Wanda ya karanta wannan jerin a takarda zai ɗauka babu mai iko kamarsa. Kundin tsarin mulkin Ostireliya na 1901 ma ko sau ɗaya bai ambaci Firayim Minista ba, Gwamna Janar yake ta ambata. Sai dai akwai al'adar siyasa mai ƙarfin doka, wadda ta ce kusan duk waɗannan ayyuka bisa shawarar ministoci ake yin su, shawarar kuma ba ta ƙin karɓa ba ce. Jawabin buɗe majalisa gwamnati ce ke rubuta shi. Sojoji ministan tsaro da majalisar ministoci ke juya su. A Birtaniya rabon da mai sarauta ya ƙi sa hannu a kan dokar majalisa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne, a Ostireliya kuwa babu Gwamna Janar da ya taɓa ƙi.

Ka dubi wakilin ango a wurin ɗaurin aure. Aure ba ya ɗauruwa sai ya buɗe baki ya karɓa a gaban shaidu, saboda haka matsayinsa ba na wasa ba ne. Amma ba shi ya zaɓi amarya ba, ba shi zai zauna da ita ba, kuma ba zai zo wurin ya kawo son ransa ba. Abin da ke kansa shi ne ya tabbatar an cika sharuɗɗa an yi abin bisa ƙa'ida. Kusan haka Gwamna Janar yake da dokokin ƙasa da naɗe-naɗen gwamnati.

Za ka iya cewa, to idan sa hannu ne kawai, mene ne amfaninsa? A nan ne muka zo kan abin da masana ke kira ikon ajiya, wato wasu 'yan ikoki da Gwamna Janar zai iya amfani da su da ra'ayin kansa, ba tare da shawarar ministoci ba, idan tsarin mulki ya shiga haɗari. Misali idan zaɓe bai ba kowace jam'iyya rinjaye ba, shi zai duba wanda zai iya haɗa kan majalisa. Idan Firayim Minista ya faɗi ƙuri'ar rashin amincewa ya ƙi sauka, ya kuma ƙi kiran zaɓe, yana iya sauke shi. Idan aka nemi ya rushe majalisa don gudun ƙuri'ar da za ta kayar da gwamnati, yana iya ƙi. Hikimar ita ce kada wani ɗan siyasa ya zama shi ne mai wasa kuma shi ne mai hukunci a kan kujerarsa.

Amfani da wannan iko abu ne mai hatsari, kuma Ostireliya ta ɗanɗana a 1975. Firayim Minista Gough Whitlam na jam'iyyar Leba yana da rinjaye a Majalisar Wakilai, amma 'yan adawa ƙarƙashin Malcolm Fraser suka yi amfani da Majalisar Dattawa suka toshe dokokin kasafin kuɗi, suka ce ba za su sake su ba sai an kira zaɓe. Whitlam ya ce ba a taɓa yin haka ba, gwamnati daga Majalisar Wakilai take samun hurumi. Aka shafe makonni ana ja-in-ja, kuɗin biyan ma'aikata na neman ƙarewa. Ranar 11 ga Nuwamba 1975 Gwamna Janar Sa John Kerr, wanda Whitlam ɗin ne da kansa ya zaɓo shi, ya kira shi ya miƙa masa takardar sallama, ya naɗa Fraser shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya da sharaɗin a saki kasafin a kuma kira zaɓe. Shugaban Majalisar Wakilai ya rubuta wa Sarauniya yana neman ta sa baki, fadarta ta amsa cewa wannan hurumin Gwamna Janar ne bisa kundin Ostireliya, ba za ta shiga ba. Fraser ya ci zaɓen watan Disamba da gagarumin rinjaye.

Har yau 'yan Ostireliya ba su daina gardama a kan wannan rana ba. Masu goyon bayan Kerr suna cewa ya mayar da hukunci hannun masu zaɓe ne a lokacin da 'yan siyasa suka kasa. Masu suka suna cewa ya yi gaggawa, ya kuma ɓoye wa Whitlam niyyarsa maimakon ya gargaɗe shi. Dalilin ɓoyewar shi ne Firayim Minista na iya ba sarauniya shawarar ta cire Gwamna Janar, saboda haka kowannensu na iya korar ɗan'uwansa, sai wanda ya riga. Wasiƙun da Kerr ya yi ta musanya da fadar sarauniya, waɗanda aka buɗe wa jama'a a 2020, sun nuna bai sanar da ita ba kafin ya yi sallamar. Shi kansa bai ƙara jin daɗin kujerar ba, zanga-zanga ta riƙa binsa, har ya sauka a 1977 kafin cikar wa'adinsa.

Akwai kuma inda muƙamin ya yi rana. A Grenada a 1983, bayan an kashe Firayim Minista Maurice Bishop sojojin Amurka suka shiga tsibirin, babu wata hukuma halastacciya da ta rage sai Gwamna Janar Sa Paul Scoon. Shi ya naɗa gwamnatin riƙon ƙwarya wadda ta shirya zaɓen 1984. Akwai kuma inda ya zama masifa. A Pakistan Gwamna Janar Ghulam Muhammad ya sauke Firayim Minista Khawaja Nazimuddin a 1953 alhali yana da goyon bayan majalisa, a shekarar da ta biyo baya kuma ya rushe majalisar tsara kundin mulki, abin da masana tarihi da yawa ke ganin ya raunana dimokuraɗiyyar ƙasar tun tana jaririya. Ka ga ke nan kujerar ɗaya ce, halin wanda ke kanta da ƙarfin al'adar siyasar ƙasar su ke sa ta zama alheri ko akasinsa.

Yanzu mu dawo gida, ga reshe na huɗu na tambayarka. Ranar 1 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta sami 'yanci, Gimbiya Alexandra ta zo a madadin Sarauniya ta miƙa takardun ga Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tsarin da aka ɗauka irin na Kanada ne: Elizabeth ta Biyu ta zama Sarauniyar Nijeriya, Gwamna Janar yana wakiltarta. Sa James Robertson, wanda ke kan kujerar tun 1955, ya ci gaba na 'yan makonni. A ranar 30 ga Satumba shi ne mai mulkin ƙasar a madadin Landan, washegari kuwa ya koma mai aiki da shawarar Tafawa Ɓalewa. Ranar 16 ga Nuwamba 1960 Dokta Azikiwe ya karɓe shi, bisa shawarar gwamnatin Nijeriya, wadda ta haɗin gwiwa ce tsakanin jam'iyyun NPC da NCNC. Saboda haka Azikiwe, wato Zik, bai gaji ikon Lugga ba. Sunan muƙamin ya gada, iko yana wurin Firayim Minista da majalisa.

A jihohi ma haka aka tsara. Kowace jiha tana da gwamna mai wakiltar Sarauniya da Firimiya mai gudanar da mulki. A Jihar Arewa Sa Gawain Bell ne gwamna har 1962, sannan Sa Kashim Ibrahim ya zama ɗan Arewa na farko a kujerar, Sardauna Ahmadu Bello kuwa shi ne Firimiya. A Jihar Yamma Oni na Ife, Sa Adesoji Aderemi, shi ne gwamna, kuma a hannunsa ne Nijeriya ta ga nata rikicin ikon ajiya. A watan Mayu na 1962, da jam'iyyar Action Group ta rabu tsakanin Awolowo da Firimiya Akintola, 'yan majalisa 66 suka sa hannu a takarda suka ce sun janye goyon bayansu ga Akintola. Gwamna ya dogara da takardar ya sauke shi ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Da majalisar ta zauna sai faɗa ya kaure, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci ta tura Dokta Majekodunmi kantoma. Kotun Ƙolin Tarayya ta ba Akintola gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe, wadda a lokacin take Landan, ta juya hukuncin a 1963 ta ce gwamna yana da hurumi. Gwamnatin Yamma, wadda Akintola ya riga ya koma kanta, ta gyara kundin jihar ta mayar da gyaran baya don hukuncin ya faɗi. Wannan dambarwa tana cikin abubuwan da suka jagwalgwala siyasar Jamhuriya ta Farko.

Ranar 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya. Aka soke sarautar Elizabeth a kan ƙasar, aka daina kai ƙara Landan, Azikiwe ya koma Shugaban Ƙasa, amma aikinsa kusan bai sauya ba, mulki yana nan a hannun Firayim Minista. Don haka kuskure ne a ce sai a 1963 muka sami 'yanci. Mun samu a 1960, abin da aka yi a 1963 shi ne cire igiyar da ta rage ta sarauta da ta shari'a. Ghana ta riga mu bin wannan hanya: 'yanci a 1957, jamhuriya a 1960. Kenya da Gambiya da Saliyo duk sun bi sahu, Mauritius ce ta ƙarshe a Afirka a 1992. Yau babu ƙasar Afirka mai Gwamna Janar irin wannan.

A sauran ƙasashen muhawara tana ci gaba. Masu son jamhuriya suna cewa bai dace shugaban ƙasa ya zama baƙo mai zama a wata nahiya, wanda ya sami kujerar ta gado ba, a tsibiran Karibiyan kuma suna ƙara da tunawa da cinikin bayi da aka yi a ƙarƙashin wannan sarauta. Barbados ta bi wannan ra'ayi ranar 30 ga Nuwamba 2021, Gwamna Janar ɗinta ta ƙarshe, Sandra Mason, ta zama shugabar ƙasa ta farko. Masu son a bar tsarin suna cewa ya daɗe yana aiki lafiya, kuma shugaban da ba zaɓaɓɓe ba ya san iyakarsa, ba zai yi gogayya da Firayim Minista ba. A Ostireliya an yi ƙuri'ar raba gardama a 1999, kimanin kashi 55 cikin 100 suka ƙi amincewa da jamhuriyar da aka gabatar musu, wani ɓangare saboda masu son sauyin ba su daidaita a kan yadda za a zaɓi shugaban ba. Abin lura shi ne ko wace hanya aka bi, 'yan ƙasar ne suka yanke hukunci da kansu, wannan kuwa shi ne babban shaidar cewa ba mulkin mallaka ake yi musu ba.

To ɗana, idan ka sake jin an ambaci Gwamna Janar, ka fara tambayar wane zamani ake nufi, kuma shawarar wa yake bi. Idan umarninsa daga Landan yake zuwa, to na mulkin mallaka ne irin Lugga. Idan shawarar zaɓaɓɓun 'yan ƙasa yake bi, to na tsarin mulki ne irin Zik, kuma nagartarsa tana ga riƙe amana, da tsayawa tsakiya tsakanin jam'iyyu, da sanin cewa ikon da ke hannunsa na ranar larura ne kaɗai. Ka nemi littattafan tarihin Jamhuriya ta Farko ka karanta rikicin Jihar Yamma da kyau, za ka ga duk abin da muka faɗa a aikace.